Ranar da Na Kashe Abu Nawaf

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar nan ba, ko da sauran abubuwa za su zube daga kaina. Shekarar da aka bar mu muka cire takunkumin korona ce, bayan bikin Safiyya 'yar maƙwabciyata Hajiya Zulai, kafin a rushe gidan burodin da ke bakin layinmu a Shisha. A nan Makka aka haife ni, a nan na yi furfura. Ban taɓa zama a aji ba (jikata ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana), amma duk wanda ya san aikin mausim, wato lokacin Hajji, ya san ni. Tun ina da ƙarfina nake aiki a tantunan Arfa da hanyar Muzdalifa. Mace ta yanke jiki ta faɗi don zafi, ni ake kira. In kuwa rai ya yi halinsa a unguwa, ƙofata ake bugawa in je in yi wa mata wanka. Saboda haka a ganina babu wanda zai koya min bambancin mai rai da matacce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jikana Majid, ni na raine shi. Lokacin Hajji yana aiki da 'yan is'af, masu motar ɗaukar marasa lafiya. Da alhazai sun watse sai ya koma kan kujera da waya, har na fara tsoron kujerar za ta haɗiye shi. Kwatsam ya samu aiki a wata ƙasa wai ita Jojiya, a kan wani dutse da ƙanƙara ke lulluɓewa, inda mutane da hankalinsu suke hawa can ƙololuwa, su ɗaura katako a ƙafa, su sulalo. Wanda ya faɗi, akwai masu sintiri da ke bin dutsen su kwaso shi. Larabawanmu sun yi yawa a wurin, ana neman mai jin Larabci, sai aka ɗauki Majid. Ya dawo daga sanyin farko wani mutum daban, yana tashi da asuba ba sai na yayyafa masa ruwa ba.

Da zai koma sai ya ce suna da matsala: matan Larabawa in sun faɗi ba sa yarda namiji ya taɓa su, ana son dattijuwa mai Larabci ta zauna a ɗakin jinya da ke gindin dutsen. Da wasa ya faɗa. Ni kuwa na tashi na ɗauko fasfo.

Hajiya Zulai ta yi dariya har tana riƙe ƙirji. Ta ce kafin Juma'a ta zagayo za a dawo da ni a kwali, a sandare kamar kajin firiza. Na ce mata ta zuba ido, sai ƙanƙarar ta narke a gabana zan dawo.

Shugaban masu sintirin wani dogo ne, sunansa Leban ko me, ni dai Laban nake ce masa, nono ke nan da Larabci, don fari ne tas. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi wa Majid magana da yarensu, ya nuna ni, ya nuna shi, ya nuna hanya. Majid ya ce wai maraba yake min. Na ce, "Maigida, ban yi makaranta ba, amma ina karanta yatsa." Sai ya faɗi gaskiya: shi ya kawo ni, in na yi ɓarna tare za mu tafi. Na sa a raina ko zan daskare, yaron nan ba zai koma kan kujerar nan ta dalilina ba.

Sanyin kam ba a magana. Wando kan wando, riga kan riga, abaya a sama, ina tafiya kamar buhun shinkafa da aka yi wa ƙafa. Amma abin da ya fi damuna ba shi ba ne. Garin babu kiran salla, sai ƙararrawar coci. Ni da na saba kowace salla a Harami sai an shigo da gawa an sallace ta, na riƙa tambayar kaina: in Musulmi ya mutu a nan, wa zai yi masa sutura? Na ƙudura cewa muddin ina wurin, ba za a wulaƙanta gawar kowa ba.

Aiki ya yi kyau. Mace za a kawo tana kuka tana korar maza, in ce su fita, in duba, in faɗa musu inda ya kumbura. Laban har ya fara kawo min shayi da hannunsa. Kaina ya ƙara girma, dama can ba ƙarami ba ne.

Ni da Majid muka yi wata dabara. An ba ni lasilki, 'yar rediyon nan da ake magana a ciki. In dangin wanda ya faɗi suna kusa da ni, sai ya yi min bayani da Hausa don kada su ji su firgita. Dabara mai kyau, sai dai Hausar Majid irin ta yaran Makka ce. Ƙofa a bakinsa kofa ce, ɗaki daki ne, ni kaina wani lokaci "ka" yake ce min kamar gardi. Shekara da shekaru ina yi masa tsiya a kan haka, bai gyara ba.

Ranar da abin ya faru iska ake yi, tana watsa ƙanƙara a fuska kamar yashi. Wata Balarabiyar Jidda, Ummu Nawaf, ta shigo ɗakina shan ɗumi. Mijinta ya hau sama, ta ce ta hana shi ya ƙi, mutum da tumbi da jikoki wai shi zai nuna wa samari. Ta ce ba zai ɓace ba, doguwar riga ruwan ɗorawa ce a jikinsa, ko daga Jidda ana hango shi. Muna shan shayi, tana ba ni dabino daga jakarta, sai lasilki ya yi ƙara.

"Kaka, kina ji? Akwai mata wurinki, Ummu Nawaf?"

Na ce tana nan.

"Mijinta ya kare. Muna saukowa da shi. Ki rike ta."

Na juya baya na rage murya. "Ya ƙare?"

"E, ya kare."

Ku shaida, ban yi gaggawa ba. Na ce sai na gani da idona. Na tsaya a taga. Can sai ga su, Majid a gaba yana jan abin nan mai kama da kwale-kwale da suke kwantar da mutane, mutum a ciki a naɗe, an ɗaure shi tamau, an kuma shimfiɗa rigar nan ruwan ɗorawa a kansa tun daga fuska har gwiwa. To duk ɗan Makka ya san in maza suka wuce da sauri da makara, mishlahin mamacin ake shimfiɗawa a kai, rigarsa ta girma. Ba a yi wa mai rai haka. (Daga baya na ji wai don iska suke rufe fuskar. Wa ya faɗa min? A Arfa mu buɗe mutum muke yi ya sha iska.) Kunne ya ji, ido ya gani. Halas, magana ta ƙare.

Na kama hannuwan Ummu Nawaf biyu, na zaunar da ita, na yi mata ta'aziyya cikakkiya, irin wadda na ƙware a kai, da natsuwa da ambaton Allah. Ban taɓa yin mai kyau kamarta ba. Baiwar Allah ta zube ƙasa, ta tashi, ta lalubo waya ta kira surukarta a Jidda.

Ina leƙawa sai na ga motar is'af tana ja da baya, an buɗe ƙofarta. Na ce shi ke nan, za su tafi da shi su yanyanka, su binne shi da ƙararrawa. Na fita da silifas ɗin ɗaki, ko takalmin ƙanƙara ban tsaya sawa ba. Na sha gabansu na buɗe hannuwa. Na faɗa da Larabci, na maimaita da Hausa don mala'iku su shaida, cewa bawan Allahn nan ba zai bar wurin nan ba sai an yi masa wanka da likkafani, Majid zai yi, ni zan tsaya a bayan ƙofa ina faɗa masa yadda ake yi.

Majid ya zare gilashin fuskarsa. "Kaka, matsa. Ya kare ne kawai."

"Kawai? Mutuwar ce kawai, don ubanka? Haka suka mayar da kai?"

Ummu Nawaf ta iso ta durƙusa a gefe tana kuka. Ta ce babu miji irinsa, bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta yafe masa duniya da lahira. Jama'a suka taru, kowa ya ɗaga waya. Turawan suka kama abin za su ɗaga, ni kuwa na cafke ƙarshensa da hannu biyu na ja. Silifas ya ce bai san wannan ba. Ƙafafuna suka tafi, na faɗa da dukkan nauyina, da wandunan da rigunan, a kan ƙafar mamaci.

Mamaci ya kurma ihu.

"Ya Hajja, ƙafata! Ɗaga ni, Allah ya ɗaga ki!"

Na yi wa matattu wanka ba iyaka, babu wanda ya taɓa yi min magana. Na ja da baya da rarrafe ina a'uziyya, abaya ta naɗe min kai. Da na samu na fito da fuskata, Majid na tsaye a kaina, ya haɗa hannuwa ya yi kamar mai karya itace.

Na ce, "Karye? Ya karye?"

Ya ce, "Shi na ce ai, tun dazu."

Laban ya tashi daga nono ya koma jan barkono. Ya kira Majid gefe, na kuma sake ganin yatsan nan yana nuna hanya. Muka koma gida ni da yaron. Ya zauna yana goge takalmansa na aiki, yana jera su kamar mai sallama da su. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da safe na yi shiri na je ofishin Laban, na sa Majid ya fassara, na ce kuma kada ya sassauta ko kalma. Na ce ni na yi ɓarna, ni za a kora, yaron a bar shi. Laban ya ce ba a hannunsa take ba, in baƙon ya kai ƙara dole mu biyu mu tafi. Na ce to a nuna min hanyar asibiti. Na dafa farfesun kaza, na rungumi tukunyar a mota muna gangara dutse, ina ta shirya kalaman ban haƙuri, ni da ban saba ba.

Na tarar da Abu Nawaf, mijin Ummu Nawaf, an rataye ƙafarsa sama. Yana ganina ya fara dariya har gadon na girgiza. Ya ce a Jidda an riga an jera kujerun zaman makoki a ƙofar gida, wani ɗan'uwansa da suka shekara ba sa magana ya zo yana kuka. Na tambaye shi, tunda yana jin komai, me ya hana shi yin magana tun farko? Ya saci kallon matarsa, ya ce tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa jin ta yabe shi haka ba, ya so ya ji ƙarshen. Ummu Nawaf ta ce yafiyar nan ta janye ta, ta mamaci ce, shi kuwa bai mutu ba. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Ya sha farfesun, ya kira Laban a waya a gabana ya ce ba shi da ƙara. Laban ya kafa doka: babu Hausa a lasilki, kuma ba ni da izinin sanar da mutuwar kowa, ko kaza ce. Na karɓa. Na zauna a ɗakin nan har ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fito, sannan na hau jirgi da ƙafata. Sauran lokacin kuwa kullum ina tuƙa tuwo Majid na gefe yana maimaita "karye, ƙare, karye, ƙare" har ya iya. (Har gobe ina cewa rabin laifin nasa ne.)

Abin da na koya ɗaya ne. Yanzu duk gawar da aka kira ni wanka, sai na yi mata sallama na ɗan jira tukuna. Hajiya Zulai, da ta yi ta ba da labarin nan a kowane biki har da ƙari, ta rasu bara. Ni na yi mata wanka. Na yi sallama, na jira fiye da yadda na saba. Ba ta amsa ba, karo na farko da ta bar min maganar ƙarshe. Allah ya jiƙanta.

Sauran muna nan. Majid yana can kan dutsensa duk sanyi, yanzu har shi ke koya wa sababbi. Laban an ce ya yi tumbi. Ummu Nawaf tana raye, ba ta gaishe ni. Abu Nawaf kuwa duk safiyar salla sai wayata ta yi ƙara, in ɗauka, in ji ya ce, "Ya Hajja, marigayi ne, na kira in yi miki barka da salla."