Yadda Za Ka Kawo Intanet Marar Shugaba Har Bakin Kanal

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan ka gaji da zama a majalisa ana hira kai kana gyaɗa kai, to yau Allah ya haɗa ka da gwani. Zan koya maka yadda za ka zama masanin bulokcen, wato intanet ɗin gobe da aka ce ba ta da shugaba, ba tare da ka fahimci komai a cikinta ba. Sakamako tabbas ne. Na gwada hanyar nan a kan ɗalibina Rilwanu na nan Talata Mafara, kuma yau daga Bakura har Maradun ba wanda bai san muryarsa ba.

Mataki na 1: Haddace 'yan kalmomi, ka tsaya nan

Kar ka wahalar da kanka da karatu. Masu karatu su ne ke yin shiru a majalisa, domin sun san inda za a kama su. Abin da kake buƙata kaɗan ne. Babu shugaba, kowa da mabuɗinsa. Abin da masu rinjaye suka yarda da shi, shi ne gaskiya. Abin da aka ajiye kuma ba ya goguwa, tunda kowa yana riƙe da kwafinsa. Shi ke nan, ka gama digiri.

Idan wani ɗan neman fitina ya tambaye ka yadda abin yake aiki, dube shi da tausayi ka ce, "Turawa ma ba su gama ganewa ba." Rilwanu a shagon cajin waya na bakin tasha ya ɗauki wannan darasi a wurina, kuma kafin wayarsa ta cika ya fara gyara wa mutane magana.

Mataki na 2: Samu abin gwaji, amma kar ya zama naka

Gwani ba ya gwaji da kayansa. Shi Rilwanu ya yi sa'a, bana mahaifiyarsa Inna Barira ta danƙa masa gonarta ta fadama ya yi noman rani, karo na farko a rayuwarsa. Ranar da ta ba shi ba ta yi kwana-kwana ba.

"Rilwanu, gonar ga ita ka ciyar da gidan ga tun ubanku na da rai. In ka kawo shinkahwa, ta zama taka. In ka kawo mani labari, ƙanenka Anas na nan."

Ya yi dashe mai kyau, ban hana masa wannan ba. Sai dai gonar tana can ƙarshen kanal, ita ce ta ƙarshe da ruwan dam ke isa gare ta. Ka riƙe wannan a ranka, tunda shi bai riƙe ba.

Mataki na 3: Nemo shugaban da za ka tuɓe

Ba a kawo tsari marar shugaba sai an sami shugaban cirewa. Amma ka yi hankali wajen zaɓe. Kar ka taɓa mai rawani, kar ka taɓa mai 'yan sanda. Nemi dattijon da ba shi da komai sai ciwon gwiwa.

A ƙaramin kanal ɗin su Rilwanu akwai Baba Jibo, wanda ke rataye da mabuɗin ƙofofin ruwa a wuyansa. Tun kafin a haifi Rilwanu aikinsa ɗaya ne: ranar sakin ruwa sai ya kulle ƙofofin gonakin sama, ruwa ya wuce ya fara shayar da na ƙarshe, sannan ya dawo yana buɗe wa kowa bi da bi. Rilwanu ya dubi wannan ya ce mulkin kama-karya ne.

"Mutum guda da mabuɗin jama'a duka? In ya kwanta ciwo hwa? In ya yi son kai hwa?"

Tambaya ce mai kyau, wallahi. Irin wannan tambayar kake nema, wadda ta yi kyau har ta hana ka tunanin abin da ke bayanta.

Mataki na 4: Tara jama'a, ka ɗaga murya

Bayan la'asar ya tara manoma a gindin mangwaro. An gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, har da lafiyar jakin wani, sannan ya miƙe. Ya ce duniya ta ci gaba, nan gaba intanet kanta ba za ta sami mai riƙe da ita ba, ballantana kanal. A kai mabuɗi kasuwar Talata a yanko wa kowa nasa.

Masu gonakin sama, waɗanda su ne suka fi yawa, suka dubi juna. Ban taɓa ganin manoma sun fahimci fasahar zamani da sauri haka ba.

Baba Jibo ya yi gyaran murya. "Rilwanu, ka tuna inda gonar Innarka take?"

"Baba, a sabon tsari babu sama babu ƙasa. Kowa daidai yake."

"To madalla. An gaya ma ruwa?"

Aka yi dariya. Idan aka yi maka irin wannan dariyar, ka ɗauke ta a matsayin tafi. Tsoho ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa, ya ce shi ma dama ƙafafunsa sun gaji.

Mataki na 5: Ɗaure maganar yadda ba mai kwance ta

Nan ne gwaninta take. Rilwanu ya ce magana a baki tana sauyawa, don haka kowa ya fito da wayarsa ya ɗauki abin da zai faɗa, kowa ya riƙe kwafi. Wayoyi suka yi sama. Ganin haka kansa ya kumbura, ya buga ƙirji ya ce:

"Daga yau ba mai sauya tsarin ga sai masu rinjaye sun yarda. Ko Innata taz zo nan tana kuka, ba a sauya shi!"

Jama'a suka ce, "Mun shaida!" Kafin magariba muryar ta bar fadama. 'Yan acaɓa suka kai ta Ruwan Gizo, wani mai sayen albasa ya wuce da ita Damaga. Ka ga aiki da kyau, babu kamfani babu ofis, amma kowa ya samu.

Mataki na 6: In abu ya fara lalacewa, kira shi lokacin gwaji

Ranar ruwa ta zo. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, kar ka zarge su. Kowa dai ya ce bari ya buɗe kaɗan, yanzu zai rufe. Na farko ya buɗe kaɗan, na biyu ya buɗe kaɗan, abin da ya iso gonar Inna Barira bai isa alwala ba.

Rilwanu ya ce tsari ne yake daidaita kansa. Zagaye na gaba ya ce ai kowace sabuwar fasaha da haka take farawa. Ana nan shinkafa ta fara ɗaukar ciki, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi ko kaɗan. Ganye ya nannaɗe, ƙasa ta tsage har hannu na shiga. Ya tsaya a bakin ƙofarsa da sabon mabuɗi mai sheƙi, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Mabuɗin yana aiki lafiya lau. A nan ne tsoro ya kama shi da gaske, cikinsa ya ɗuri ruwa, shi kaɗai ne abin da ya ɗuri ruwa a wannan gonar.

Mataki na 7: Koma wurin wanda ka tuɓe, amma kar ka ce ka tuba

Ya tarar da Baba Jibo a inuwa ya miƙe ƙafa, har ya yi 'yar ƙiba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, irin ta mai buƙata, sannan ya ce ya zo ne a ɗan sabunta tsari.

"Ɗana, ni yanzu mabuɗi guda gare ni, kamar kowa. Tara su ka tambaya."

Ya tara su. Ya roƙa a mayar wa Baba aikinsa, ko na wannan zagayen kawai. 'Yan ƙarshen kanal suka ɗaga hannu, ba su taka kara sun karya ba. Na sama suka sunkuyar da kai suna tausaya masa ƙwarai, shinkafarsu kuwa ta yi kore shar. Sai wani ya latsa wayarsa, muryar Rilwanu ta fito tangararas. Ya ce a goge. Aka ce a wace wayar?

Mataki na 8: Koma gida ka ci tuwo

Gwani ba ya barin cikinsa da yunwa don tsari ya samu tangarɗa. Rilwanu ya shiga gida yana shirya bayani a ransa. Ya tarar da Inna Barira tana jiransa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye kwano a rufe da faifai, ta zauna gefe. Ya yi bisimilla ya buɗe. Busasshen ganyen shinkafa ne a ciki, da saiwarsa da ƙasarsa. Ashe da kanta ta taka har fadama ta tumɓuko.

"Ci mana. Abin da kan noma ke nan."

"Inna, ki bari in yi maki bayani..."

Ta zaro 'yar wayarta daga ƙullin zane, wadda ko hoto ba ta ɗauka, ta latsa. Maƙwabciya ce ta saka mata muryar. Suka saurara tare har ƙarshe, har wurin "mun shaida". Idanunta suka cika da hawaye, amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ba ni zuwa can in yi kuka, Rilwanu, tunda ka riga ka ce ba shi da amfani. Gona ta koma hannun Anas. Wagga ma ba a sauya ta."

Ya zauna da kwano a gabansa, kunya ta hana shi ko ɗaga kai.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin bushewar shinkafa, ko fushin uwa, ko ƙane ya zama mai gona yayansa yana gaishe shi. Na yi alkawarin za a san ka, kuma an san Rilwanu. Ban ce za ka ci tuwo ba. Ni har gobe ina tare da intanet marar shugaba, ina kuma ba kowa shawara ya rungume ta, bayan ya duba a wane gefen kanal gonarsa take. Mai ƙorafi ya same ni a gonata, ita ce ta farko daga saman kanal. Ya zo da takalmin roba, wurin akwai ruwa.