Gyaran da Na Yi a Shagon Gem

Shekarar da aka zuba wa layinmu kwalta a Badarawa, autana Bashir ya bar mini shagonsa na sayar da faifan gem ya tafi ɗaurin aure. Lokacin kasuwa ta yi sanyi, kowa a waya yake sauke wasa kyauta. Zai yi mini bayani na ce, “Kai, tafi! Shekara talatin ina auna gero, faifai ne zai gagare ni?”

Wani ma'aikaci, Malam Iliya, ya sayi faifan jabu biyu. Ni kuwa ba a ciniki da ni a tafi ba gyara. Na buɗe akwatin gilashi na ƙara masa uku masu ƙyalli. Ashe su ne na asali, ragowar jarin Bashir kaf.

Da Bashir ya dawo ya ga gilashin, sai ya zauna a ƙasa. Kafin la'asar sai ga Malam Iliya ya dawo da ukun nan masu ƙyalli, yana dariya har da hawaye.

Shagon ya rufe tuni. Tsofaffin layin duk sun rasu, saura ni da Malam Iliya. Har yau in ya gaishe ni sai ya ce, “Hajiya, yau ba gyara?”