Rasuwar Kambas Ɗina, Wanda Ya Shekara Goma Sha Ɗaya Yana Jiran Litinin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da cinyoyi masu cike da tsami, ni tela mai shago a bakin layi, a madadin mai ɗakina da ɗaukacin iyalanmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da kwastomomi rasuwar takalmin guduna, farin kambas mai ratsin shuɗi, lamba arba'in da huɗu. Rai ya yi masa halinsa ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe shida da kwata na safe, a gaban rumfar mai faci, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma a cikinsu sau takwas ya taka kwalta.

Marigayin ya shigo gidanmu ne tare da ɗan uwansa. Wata rana ni da Yayana, mai gyaran agogo, muka je dubiya asibiti a hawa na huɗu, muka tarar na'urar hawa ta lalace. Kowane hawa sai da muka zauna muka huta, har wata tsohuwa mai ɗauke da kwanon abinci ta wuce mu sau biyu, tana yi mana sannu. Daga asibitin kasuwa muka zarce. Muka sayi kambas iri ɗaya, lamba ɗaya, muka tafa hannu a gaban mai shagon, muka ce Litinin za mu fara gudu.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Litinin ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, bai taɓa ɗaga murya ba. Yana kwance cikin kwalinsa a saman wadrob, da takardarsa ta shago a cusa a ciki. Mai tsabta ne na ƙarshe, bai san taɓo ba, bai san wari ba, kuma bai taɓa shiga harkar da ba tasa ba. Duk farkon shekara nakan sauko da shi in goge shi, in saka, in zaga ɗaki sau ɗaya. Sai ya ce ƙiiƙ, ƙiiƙ a kan tayil, cikin ladabi, in mayar da shi. Da mai ɗakina ta ce a ba ƙaninta tunda ba a amfani da shi, sai da muka kwana biyu ba ma magana. Ina ni ina ba yaro takalmi ya je ya lalata?

Ana haka ni kuma ina ta bunƙasa. Sana'ata ce in auna mutane in faɗa musu gaskiya, amma tef ɗina bai taɓa zagaya kuguna da shaida a wurin ba. Wandunana nakan buɗe su a ɓoye, inci ɗaya duk shekara, har kugu ya tashi daga talatin da uku ya kamo lambar takalmin.

Bara Yaya ya faɗi a shagonsa, da gilashin duba agogo a idonsa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ta koma ɗaya-ɗaya. Na tsorata ƙwarai, na daina shan shayi da sukari har na tsawon mako guda.

A watan jiya ne jiri ya kwashe ni ina tsakiyar yanka yadi, aka kai ni wurin likita. Ta auna jinina sau biyu, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam, aikinka na zama ne?"

"A'a likita, ai ƙafata wuni take tana motsi a kan keke."

"Keken ɗinkin na ƙafa ne ko na lantarki?"

"Na lantarki ne, likita." Mai ɗakina ce ta amsa a madadina, da murya har waje.

Likita ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce hanyar da Yayana ya bi ita na ɗauko, kuma na yi nisa. Ta rubuta magani, sannan ta miƙo wata takarda ta masu fara gudu daga tushe: mako takwas, fita uku a mako. A makon farko gudun minti ɗaya ne, sai tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita sau takwas. Na karanta na yi dariya, na ce minti ɗaya kuma har wani abu ne, Litinin zan fara. Ranar Laraba ce. Muna isa gida mai ɗakina ta taka kujera ta sauko da kwalin, ta manna takardar a jikin firij, ta ce Alhamis ma rana ce.

Haka marigayin ya kama aiki da tsufansa. Jama'a, ni da na tashi a gidan mai gyaran agogo ban san tsawon minti ɗaya ba sai ranar. A daƙiƙa ta ashirin ƙirjina ya kama wuta. A ta arba'in na fara yafe wa waɗanda suka saɓa mini. Mai faci ya fito da gudu riƙe da ƙarfen cire taya, yana leƙa bayana.

"Tela, lafiya? Wa ya biyo ka?"

Ban samu numfashin amsa masa ba. Marigayin ne kaɗai yake magana a madadina, fat, fat, fat, a hankali, ba tare da ya kunyata ni ba.

Bai taɓa gudu ya bar ni ba, wannan shaida zan ba da ita ko'ina. A mako na biyu taurarin da nake gani suka ragu. A na uku takarda ta ce minti uku, na zagi wanda ya rubuta ta, na kuma yi. A fita ta bakwai na wuce rumfar mai faci na gaishe shi da cikakkiyar gaisuwa, har na tambayi iyali. Ban faɗa wa kowa ba, amma ranar na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Ciwon ajali ya fara ne daga ƙafar hagu. Bakinta ya ɗan buɗe, muryarsa ta sauya daga fat, fat zuwa laɓ, laɓ. Na ɗauko allura da zare mai ƙwari na yi masa ɗinki irin na ƙwararru, sai dai na lura allurar tana shigewa kamar cikin burodi. Ranar Asabar, ina cikin minti na biyu, sai na ji ya ce fyat. Tafinsa ya tsaya a kan kwalta, ni kuma na ƙara taku uku da safa kafin labari ya iso mini. Ƙafar dama ba ta jure rashin 'yar uwarta ba, nan take ta ruguje. Mai faci ne ya tattara gawar a leda, ya cire hula ya miƙo mini.

Na garzaya da shi wurin mai gyaran takalmi, ko da sauran numfashi.

"Gudun nan ne ya kashe shi," na ce masa. "Na faɗa musu jikina ba na gudu ba ne."

Ya danna tafin da babban yatsa, ya murtsuke, gari ya zubo.

"Shekara nawa yana ajiye?"

"Goma sha ɗaya. Amma fa a kwali, ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

"To ba gudu ne ya kashe shi ba, tela, zama ne. Takalmi in ba a taka shi, gam ya bushe, roba ta mutu daga ciki. Daga waje kuwa sai ka rantse sabo ne."

Ya ɗaga kai ya dubi tumbina, ya mayar da idonsa kan aikinsa.

Ba zan yi ƙarya a sanarwar mutuwa ba: a ƙarƙashin baƙin cikina akwai 'yar murna. Babu takalmi, babu gudu. Na koma gida na shelanta zaman makoki na wata uku. Mai ɗakina ta ce to, Allah ya ba da haƙuri, amma ai na Yaya yana nan, kuma ƙafarku ɗaya.

Ranar Lahadi na je. Na tarar da Yaya a kujerarsa ta bakin taga, hannun hagu a kan cinya inda aka ajiye masa shi. Matarsa ta sauko da kwalin. Ga kambas fari fat, igiyarsa ma ba a taɓa zura ta ba. Na kama shi na ɗaga, sai saman ya biyo hannuna, tafin ya yi zamansa a kwali. Yaya ya kama dariya da rabin bakinsa, har hawaye ya zubo, matarsa ta goge masa.

"Nawa," ya ce, yana jawo kalmomin da ƙyar, "ko ƙofa... bai gani ba."

Na ce ba komai Yaya, sai a haɗa su a yi musu jana'iza ɗaya Litinin ta sama, in na huta na sake shiri. Sai ya damƙi wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, hannun da ya shekara talatin yana ɗaukar ƙusar da ido ba ya gani. Dariyar ta ɗauke.

"Ba... Litinin... ba."

Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya, na rasa inda zan sa idona. Na ce masa to.

Marigayin ya rasu ya bar igiya biyu cikin ƙoshin lafiya, da safa ƙafa ɗaya da ta samu rauni a wurin hatsarin, da kwali wanda ya fi kowa daɗewa da shi. Ya bar takarda a jikin firij mai maki bakwai da gurbi goma sha bakwai, domin mai ɗakina ta ƙi saka makin Asabar, wai ban ƙarasa ba. Ya kuma bar magaji, wani baƙin kambas mummuna da ta sayo jiya ba da shawarata ba. A bakin ƙofa ta zazzage shi, ta yayyaga kwalinsa a gabana, ta ce wannan ba shi da wurin kwanciya sai ƙafata.

Za a yi jana'izar mamatan biyu gobe Talata, ƙarfe shida na safe. Za a taru a ƙofar shagona, a raka su zuwa bolar ƙarshen layi. Tsarin rakiya shi ne tafiyar minti biyar, gudun minti uku, tafiyar minti uku, a maimaita. Mai faci ne zai ɗauki leda. Wanda ba zai iya gudu ba ya taka, wanda ya riga ni isa kada ya waiwayo. Za a karɓi gaisuwa a kan hanya kawai, kuma a yi haƙuri idan mai makoki bai amsa ba.

Yaya ne zai riƙe lokaci, da agogon da ya gyara na ƙarshe kafin ya faɗi. Daga inda za a zaunar da shi zuwa turken lantarki taku goma sha biyu ne, ya sa an ƙirga masa, ya kuma ce a zo masa da sandarsa.

Ana roƙon masu zuwa kada su nemi wurin zama. Kujera ɗaya ce za a fito da ita, ta Yaya, shi ma ya ce yana danna agogo zai miƙe.