Ranar da Na Kai Ta'aziyya Gidan Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya ba ni aron motarsa ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen unguwarmu ba za su bari ba.

Wannan abu ya faru ne kafin yaƙin nan ya watsa mu, lokacin ina da ɗan shagon yadi a Kasuwar Umdurman a Sudan, kuma ban daɗe da aure ba. Surukina, Alhaji, yana da wata farar mota tsohuwa da yake ji da ita fiye da yadda yake ji da wasu daga cikin 'ya'yansa. Kowace safiya shi da kansa yake goge ta, jikokinsa kuwa ko jingina da ita ba sa yi. To ranar nan sai ƙafa ta matsa masa, ga kuma matarsa, Hajja Zainaba, za ta je Hartum wurin mai gilashin ido kusa da kasuwar Suk al-Arabi. Aka rasa mai kai ta. Ni kuma da ban iya ganin dama in bar ta ta wuce ba, na ce ai ni Hartum a tafin hannuna take.

Alhaji ya dube ni, ya dubi makulli, ya sake dubana. Ya ce, "Ɗana, ka san wurin ajiye mota a can?"

Na ce, "Alhaji, ba lungun da ban sani ba."

(Gaskiyar magana, duk zuwan da nake yi Hartum a bas nake zuwa, kuma bas ba ta taɓa tambayata inda za ta tsaya ba.)

Muka haye gadar shiga Hartum lafiya. Matsalar ta fara ne da muka shiga tsakiyar gari. Na zagaya, na sake zagayawa, duk inda na hango fili sai in tarar mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya riga ni, ko mai lemo ya kafa teburinsa. Hajja tana baya tana jan carbi, sai da muka wuce wani masallaci karo na ban san nawa ba ta ce, "Ɗan nan, ɗawafi muke yi ne?"

A ƙarshe na sami wani titi mai inuwar dogon yaro, gidaje ne a jere, ba hayaniya. A bakinsa akwai allo da ke cewa baƙo awa ɗaya yake da ita, in ya wuce haka a ja motarsa, sai fa mazauna titin, su da aka liƙa wa wata takarda rawaya a gilashin gaban mota. Na karanta sarai. Na ce a raina, karɓar gilashi ai ba aikin awa ɗaya ba ne.

Ban san halin Hajja ba a lokacin. Babu gilashin da ke shagon nan da ba ta ɗora a hancinta ba. Wannan ya sa ta yi kama da malamar makaranta, wancan ya tsufar da ita, wancan kuma irin na maƙwabciyarta ne, ba za a ce ta kwaikwaya ba. Ni kuma suruki ne, ba ni da bakin cewa a yi sauri. Ina tsaye ina murmushi, gumi yana bin bayana. Sai da aka kira azahar muka fito.

Tun daga nesa na hango abin da nake tsoro. Ɗan sandan hanya ne tsaye a jikin motar Alhaji, sanye da fararen kaya, dogo, ya ɗora hannu a kanta. A bayansa kuma ga wanish, wato motar nan mai ƙugiya da ke jan motoci, tana matsowa da baya a hankali. Nan take na hango fuskar Alhaji in na koma gida a raksha, da matarsa, da makulli, babu mota.

Na zaunar da Hajja a kan kujerar wata mai shayi da ke ƙarƙashin bishiya, na ce ta ɗan huta, ƙaramar magana ce. Na gyara rawani, na tunkari mutumin, na yi masa sallama da Larabcina na fita kunya.

Ya ce, "Taka ce?"

Na ce, "Tawa ce, janabu." (Haka ake kiransu in ana son lallashi.)

Ya ce, "Tun hantsi take nan. Ba ka ga allo ba?"

Da a nan na ce masa malesh, wato a yi haƙuri, na yi kuskure, da wataƙila faɗa kawai zan sha. Amma Hajja tana kallona ta cikin sabon gilashi, ni kuma na riga na ce Hartum a tafin hannuna take. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai ni ɗan titin nan ne. Takardar ce zafin rana ya ɓamɓare."

Ya ce, "Ɗan titin nan?"

Na ce, "Haihuwa da girma."

"Wane gida?"

Na waiga. Duk ƙofofi a rufe suke, sai guda ɗaya, koriya, a buɗe, an kafa rumfa a gabanta da kujeru, ga maza cikin fararen jallabiyoyi suna shiga suna fita. Na lissafa cewa inda mutane suka yi yawa, ba wanda ya san kowa. Na nuna da yatsa.

Ya dubi gidan, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ɗaga wa mai wanish hannu ya dakata, ya ce, "Madalla. Mu je ka gaisa da mutanen gida."

Muna tafiya ina tunani. Rumfa, kujeru, dattawa zaune, manyan tukwane a gefe, tsakar rana a ranar aiki. Na ce wannan zaman makoki ne, ba tantama. Har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Don a ƙasarmu in ka shiga gidan rasuwa ka ɗaga hannu ka ce Fatiha, kowa miƙewa yake yi ya ɗaga tare da kai, a rungume ka, ba mai tambayar ɗan wane ne kai. Ɗan sanda zai ga an karɓe ni hannu biyu, kuma wane mai imani ne zai ja motar wanda aka yi wa mutuwa?

Na saki fuska, na langaɓar da kai. Na nufi wani dattijo mai farin gemu da ke tsakiya, wanda da gani shi ne mai gida. Na tsaya a gabansa, na ɗaga tafukan hannuna sama, na ce da murya mai rawa, "Al-Fatiha."

Ba wanda ya miƙe.

Na ɗauka ba su ji ba ne. Na ƙara murya, na haɗa da cewa, "Allah ya ji ƙansa. Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Mun yi rashi."

Dattijon ya ajiye kofin shayinsa a hankali ya ce, "Wa ya mutu?"

Daidai lokacin aka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Sai a sannan idona ya sauka kan fatar rago da aka shanya a jikin bango, da faranti cike da dabino da alewa, da 'yan mata da sabon lalle. Suna ake yi. Hannayena kuwa suna sama har yanzu, na rasa yadda ake sauke su.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Ashe suna da wata gwaggo da ke kwance ba lafiya a garin Madani. Wani da bai ji maganata da kyau ba ya ce, "Ko Gwaggo Nafisa ce?" Maganar ta tsallaka katanga ta shiga wurin mata, kafin ka ce kwabo guɗa ta koma kuka. Wata ta fito ba takalmi tana tambaya yaushe, wata tana cewa ai jiya ta yi mafarki. Wani ya ciro waya ya kira Madani, Gwaggo Nafisa da kanta ta ɗauka, muna jin muryarta tana faɗa don an tashe ta daga barci.

Na juya neman hanyar gudu, sai na ga ɗan sandan ya cire hularsa, ya dafa sandar rumfa, kafaɗunsa suna girgiza. Da ƙyar ya iya magana don dariya. Ya ce wa dattijon, "Baba, wannan bawan Allah ya ce a gidan nan aka haife shi. Na ce bari in kawo maka shi, ko akwai ɗan'uwan da ba ka gaya mana ba."

Gidan ubansa ne. Jaririn ɗan ƙanensa ne. Shi kuma ya fito ne ya samar wa baƙin suna wurin ajiye mota.

Dattijon ya ƙare mini kallo daga rawani har takalmi, ya ce, "Ni dai ban tuna ba. Amma ka yi a hankali, kada uwarku ta ji."

Rumfar nan ta ɗauki dariya, har da wanda ya shaƙe da shayi. Ina tsaye ina roƙon ƙasa ta tsage, sai na ji ƙamshin turaren Hajja a bayana. Ta taso daga wurin mai shayi, ta ga komai, ta ji komai. Ta yi sallama a natse, ta yi wa dattijon barka, ta sa wa jariri albarka, sannan ta nuna ni da haɓa ta ce, "Mijin 'yata ne. Ku yi haƙuri. Mu ma haƙurin muke yi."

Mata suka ja ta ciki kamar sun shekara da saninta. Ni kuwa dattijon ya yanke mini hukunci: tunda ɗan gida ne ni, ɗan gida ba ya zama ranar suna. Aka miƙo mini buta da tasa, na bi baƙi ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu ruwan wanke hannu. Na ɗauki tire na kai, na kwaso na dawo. Duk wanda na tsaya a gabansa sai ya tambaye ni yaya haƙuri. Bayan nan suka zaunar da ni na ci nama, kuma ba zan ɓoye ba, na ci sosai, kunya ba ta hana ni ba.

Ɗan sandan ya sallami mai wanish, amma bai fasa rubuta mini tara ba. Ya ce, "Ɗan gida ma sai da takarda a gilashi. Ka gaida Umdurman."

Muka kama hanyar komawa, muka hau gada. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Hajja, don Allah maganar nan…"

Ta ce, "Haba ɗana. Ni da bakina? Wa zan gaya wa?"

Na yi ta godiya. Na mayar wa Alhaji motarsa ba ko ƙwarzane, ya zagaya ta ya yaba mini. Da magariba na fito zuwa masallaci, sai na tarar da dattawan unguwa zaune a kan tabarma a ƙofar gidan liman. Suna ganina suka miƙe gaba ɗaya, har da Alhaji mai ciwon ƙafa, suka ɗaga hannu sama.

Har yau, duk inda na haɗu da ɗan unguwarmu, ko a wane gari gudun hijira ya kai mu, kafin ya ce mini sannu sai ya ɗaga hannu.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In allo ya ce awa ɗaya, to awa ɗaya yake nufi. In kuwa har sai ka yi wa ɗan sanda ƙaryar gida, ka fara tambayarsa inda yake zaune.