Rasuwar Aradu, Babur Ɗin Gidanmu, Bayan Doguwar Jinyar Kuloci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa guda a naɗe cikin bandeji, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta na kusa da na nesa rasuwar babur ɗinmu, wanda aka fi sani da Aradu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a gindin danjar da ke kan hawa, bayan ya daɗe yana fama da ciwon kuloci. Ya rasu yana da shekara talatin da 'yan kai. Ya tafi yana cikin giya, don har ya bar duniya bai yarda ya fita daga giya ya koma firi ba.

Marigayin ba irin baburan nan ba ne da ake ɗora wa buhu da kaji. Babur ne na tsere, ja, mai faɗin ƙirji, wanda sai mutum ya kwanta a kan tanki kamar mai neman gafara kafin ya tuƙa shi. Babanmu ne ya sayo shi tun yana da ƙarfinsa, lokacin da nake ɗan makaranta. Ranar da ya shigo da shi unguwa, marigayin ya yi gyaran murya sau ɗaya, gurrrm, sai ga kowa a ƙofar gidansa. A nan wata maƙwabciyarmu ta raɗa masa suna, ba don ƙauna ba.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da kyawawan halaye. Bai taɓa ɓoye zuwansa ba. Bai taɓa barin Baba a hanya ba, sai dai Baba ya bar shi. Shi ya kai Inna asibiti ranar da za ta haifi autarmu, kuma Inna ta ce da ta san haka za a kai ta da ta haihu a gida. Yana da shan mai, wannan ba ma musu, amma abin da ya sha yana nuna shi a hanya. Abu ɗaya da yake alfahari da shi a cikin tsaransa shi ne kulocinsa ba na waya ba ne, na mai ne. Akwai wani ɗan kofi a kan hannun hagu da ake zuba wa man birki. Idan an matse hannun kuloci, man ya bi siririn tiyo ya gangara ƙasa, ya tura fistin da ke kusa da sarƙa, giya ta shiga lafiya lau. Baba ne ya koya mini wannan, yana ƙwanƙwasa kofin da sukuddireba.

"Nan man birki kawai yake sha. Ka ba shi wani abu daban, ka kashe shi. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Da gwiwoyin Baba suka daina lanƙwasuwa, ya miƙa mini makulli, amma bai miƙa mini tsumman goge shi ba. Kowace safiya shi ke fitowa tsakar gida da tsumma da ɗan bokiti, ya goge marigayin tun daga fitila har salansa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Ciwon ya faro ne a hankali. Da farko hannun kulocin ya yi laushi, in ka matsa sai ka ji kamar soso kake matsawa. Daga nan marigayin ya fara shiga giya ta ɗaya da ƙara, ƙwas, har mutanen gefen hanya su waigo. Sai kuma ya koyi tafiya shi kaɗai. Ina tsaye a danja na matse kuloci har ya taɓa hannu, shi kuwa yana rarrafe gaba, yana sunsunar bayan motar mutane.

Muka kai shi wurin likitansa, bakaniken da kowa ke kira Ba-Matsala, saboda da wannan kalma yake tarbar kowane mara lafiya, har wanda aka kawo a cikin buhu. Ya matsa hannun sau biyu ya ce iska ce ta shiga, ba matsala. Muka durƙusa, ni ina sama ina famfo, shi yana ƙasa da sifana. Matsa, riƙe, saki. Matsa, riƙe, saki. Kumfa ta fito, muka yi murna. Ya ɗaure hannun kulocin da igiya ya ce a bar shi ya kwana a haka, sauran iskar za ta hau sama da kanta. Marigayin ya sami sauƙi na 'yan kwanaki, har na soma gaya wa mutane ya warke.

Da ciwon ya dawo, ya dawo da sabon salo. Idan inji ya yi zafi sai marigayin ya yi ta ruri, wuuu, amma ba ya tafiya, kamar mai gardama yana zaune. Da safe kuma sai a tarar da ɗigon mai a ƙarƙashinsa. Ba-Matsala ya kwance fistin na ƙasa ya sa sabuwar roba. Ya sauya tiyo. Ya buɗe na sama, wanda suke kira masta, ya zaro robarsa ya ɗaga ta a rana. Ta kumbura ta yi laushi, ta kusa ninka girmanta. Ya daɗe yana juya ta, kuma a karon farko tun da na san shi bai faɗi sunansa ba.

"Maigida, wa yake ba shi man inji?"

"Ba wanda yake ba shi."

"To shi yake tashi ya sha kenan. Man birki ba ya yi wa roba haka."

Na tafi wurin mai sayar da man birki na yi masa faɗan da har yanzu nake jin kunyar bi ta gaban shagonsa. Ina amfani da wannan dama in nemi afuwarsa. Ya rantse kayansa masu kyau ne, kuma gaskiya ya faɗa. Aka wanke hanyar man gaba ɗaya, aka sa wasu robobin, waɗanda da ƙyar aka samo, don an daina yin irinsu. Daga jikin wani ɗan'uwan marigayin da ya riga shi tafiya aka ciro su. Ba a yi wata guda ba su ma suka kumbura.

Mai ɗakina ce ta gano bakin zaren. Wata safiya tana shara ta leƙo ɗaki ta yafuto ni da hannu, ta sa yatsa a baki. Muka tsaya a bakin taga. Baba ya gama goge tanki, ya ninke tsumma, ya zaro sukuddireba daga aljihu. Ya kwance sukurori biyun da ke kan kofin. Ya ɗauko galan ɗin man inji daga bayan randa, ya tsiyaya kaɗan a murfi, ya zuba a hankali don kada ya ɗiga a kan fenti. Ya mayar da murfin kofin ya ɗaure. Ya shafa kan marigayin ya ce, "Sha, sha. Yaron nan ba ya kula da kai."

A lokacin mun riga mun san Baba ya fara mantuwa. Yana kiran 'yata da sunan autarmu. Yakan tambayi ina Inna ta shiga, alhali ta daɗe a ƙasa. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa mantuwar za ta kai ga kofin nan ba.

An yi iya ƙoƙari, kuma ina so a rubuta hakan. Na ɓoye galan. Bayan kwana kaɗan mai ɗakina ta nemi man keken ɗinkinta ta rasa. Na ɓoye sukuddireba, Baba ya yi aiki da bakin cokali. Na gwada yi masa magana, na ce, "Baba, ai kai ka ce mini man birki kawai yake sha." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, da me nake ba shi?" Daga ƙarshe na tura marigayin gidan maƙwabci ya kwana can. Da gari ya waye Baba ya fito da tsummansa ya tarar da fili. Ya tsaya a wurin har rana ta take, ya ƙi zama, ya ƙi cin abinci, yana cewa ɓarayi sun shigo kuma ba wanda ya damu. Da na ga hawaye a gemunsa, na je na turo marigayin na mayar da shi wurinsa. Yayata ta zo muka zauna a kan maganar. Ta ce, "Kai dai ka zaɓa, ko kuloci ko Baba." Ban ga abin zaɓa ba a ciki.

Daga nan jinyar ta koma lallaɓawa. Duk safiya bayan Baba ya shiga ciki, sai in zuƙe abin da ya zuba da sirinji in sa man birki. Wani lokaci in riga man gangarawa, wani lokaci ya riga ni. Ba-Matsala ya ce babu sauran roba a ko'ina, wadda ke ciki ita ce ta ƙarshe.

Ranar Talata na fita karɓo wa Baba magani. A kan hawan nan danja ta tsayar da mu, na matsa kuloci, sai hannun ya tafi har ƙarshe ba tare da ya taɓa komai ba. Marigayin ya yi tsalle. Na taka giya da ƙarfi ina neman firi, sai na ji wani ƙara daga cikinsa da ban taɓa ji ba, ƙararas, kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Muka hau dakalin gefen hanya tare, muka kwanta tare. Ni na tashi. Shi ya yi tuf, tuf, baƙin mai yana malala daga cikinsa, sannan ya yi shiru. Ba-Matsala ya zo ya duƙa ya leƙa, ya ga giyabos ya tsage gida biyu. Ya cire hularsa.

A bayan mota aka kawo shi gida. Baba yana zaune a ƙofa, ya kalli yadda ake sauke shi, ya ce, "Gajiya ce. Ku bar shi ya huta, kun cika wahalar da shi."

Marigayin ya rasu ya bar ni, da yayata, da autarmu. Ya bar mai ɗakina, wadda ta ɗauki wannan rashi da haƙurin da ya ba kowa mamaki, har an ji ta tana waƙa a madafa. Ya bar hular kwano biyu, da taya ɗaya sabuwa da bai samu ya taka ba, da kyanwar da ke kwana a kan kujerarsa. Ya bar Ba-Matsala, wanda ya ce ya yi rashin aboki. Ya bar maƙwabtan da yanzu suke makara wurin aiki don babu mai tashinsu.

Game da jana'iza, iyali sun yanke shawara kamar haka. Masu sayen tsohon ƙarfe da suke ta zarya a ƙofar gida su yi haƙuri, ba za a ba da gawa ba, ko gaba ɗaya ko gunduwa-gunduwa. An wanke marigayin, an toshe inda ya tsage, an tsayar da shi a inda ya saba tsayawa a tsakar gida. An mayar da galan bayan randa, an ajiye sukuddireba a kan taga inda ido zai gani. Za a karɓi gaisuwa a garejin Ba-Matsala ranar Asabar da yamma, a kan bencin da ke ƙarƙashin rumfa. Muna roƙon jama'a kada kowa ya zo gida yin ta'aziyya. Wanda wata lalura ta kawo shi da safe, ya tarar da wani dattijo yana goge jan babur, ya gaishe shi, ya ce masa babur ya yi kyau, ya wuce. Ba a gaya masa ba, kuma ba za a gaya masa ba.