Ranar da Na Ceci Ƙanena a Bunkure

Da sanyin shekarar da na haifi Ummi na kamu da bin filayen ƙwallon ƙauyuka, saboda ƙanena Sani yana bugawa. Har dokoki nake koya wa mata.

A Bunkure muna gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, sai Sani ya zube yana birgima. Na tsallake hanyar ruwan masu tumatir da goyona, ina salati.

Ya raɗa min, "Yaya, ƙalau nake, lokaci nake cinyewa."

Na daka tsawa, "Au, ƙarya kake, ja'iri?"

Ashe alƙalin wasa na bayana. Ya ƙara lokaci, aka farke mana.

Har yau ko akuya ce ta kwanta a unguwarmu, sai samari su ce, "Yayar Sani, zo ki duba, ko ƙarya take."