Ranar da Na Yi wa Surukina Saran Shuka da Sandar Golf

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na kai wasan golf gida Mairuwa ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen garinmu ba za su bari ba.

A Kaduna nake aiki, can ne abokai suka ja ni wannan wasa da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Na sayi sandar ƙarfe ɗaya ta hannu, mai lamba bakwai, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Matsalata ɗaya ce: duk lokacin da na kai duka, ƙasa nake fara sara kafin in taɓa ƙwallo. Mai koya mana ya gaji da ni. Ya ce, "Ƙwallo tukuna, sannan ƙasa. Ɗora nauyinka a ƙafar hagu, ka daina ɗaga kai. Je ka ja layi a ƙasa, ka yi ta duka ba ƙwallo, har ramin ya riƙa faɗawa gaban layin."

Da na sami hutu sai na taho gida da iyali, sandar na ɓoye a but ɗin mota.

Sai in gaya muku wani abu game da surukina, Alhaji Mamman. Manomi ne na gasken gaske, kuma tun da na auri 'yarsa bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa yabona ba. Na dai ji a bakin mutane yana cewa hannuna ya fi na jariri laushi. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Ranar da aka yi ruwan shuka, da sassafe na saɓi sandata na fita bayan gari inda ba idon mutane. Na sami fili an share shi tas, ƙasa ta jiƙu lumus (wai ni ɗan manomi, amma ban tambayi kaina wa ya share ba). Na ja dogon layi na fara aiki. In yi duka, in matsa taki ɗaya, in sake. Ramuka suka jeru reras, ko ɗaya bai faɗa gaban layin ba.

Sai na ji sallama a bayana. Alhaji ne, riƙe da ƙwaryar irin dawa, yayan matata Sani na biye da shi da sungumi a kafaɗa. Ashe gonar Alhaji ce.

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya dubi ramukan, ya dube ni, sai na ga fuskarsa ta saki yadda ban taɓa gani ba.

"Ashe riga mu ka yi? Kai, Allah shi yi maka albarka, ɗana. Sani, ka gani ko? Tun daga Kaduna ya taho da sungumi nai."

To, ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai buɗe baki ya ce wa surukinsa, "A'a Baba, wasa nake yi a gonarka"? Na sunkuyar da kai na ce, "Amin, Baba." Kuma wallahi albarkar nan ta yi mini daɗi har cikin ƙashi.

Haka muka kama. Ina gaba ina sara da sandar golf, Alhaji na bina yana zuba iri yana binnewa da dunduniya. Rana ta ɗago, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, bayana kamar an ɗaure shi da itace. Maƙwabtan gona suka fara tsayawa kallo. Wani dattijo ya juya sandar a hannu ya ce sungumin Turawa ba shi da baki, amma yana da ƙyalli. Alhaji kuwa sai gabatar da ni yake yi: "Mijin ɗiyata ne, ma'aikaci ne a birni."

Da mun gama lafiya, da yau ni gwarzo ne a gidan surukai. Amma na sunkuya ɗaukar butar ruwa, sai farar ƙwallo ta zubo daga aljihuna ta gangara har gaban Alhaji. Sani, wanda ya taɓa zaman Abuja kuma tun ɗazu yake danne dariya, ya kasa riƙewa.

"Baba, ba fa sungumi ba ne. Wasan masu kuɗi ne, ƙwallon nan ake bugawa da shi."

Alhaji ya dubi ƙwallon, ya dubi sandar. Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

"Wasa?" in ji shi. "To buga mu gani."

Na ce a raina ga dama ta ƙarshe. In ƙwallon nan ta tashi sama ta ɓace, aƙalla za a ce yaron ya iya wani abu. Na ajiye ta, na gyara tsayuwa, na maimaita karatuna: nauyi a hagu, kai a ƙasa, ƙwallo tukuna. Na ɗaga sanda na sauke da duk ƙarfin da ya rage mini.

Laka ta tashi ta wanke mini fuska har cikin baki. Da na goge ido, ga ƙwallo zaune inda na ajiye ta, ko motsi ba ta yi ba, ga wani ƙaton rami a bayanta.

Ba wanda ya yi dariya, don ana jiran Alhaji. Ya tako a hankali, ya leƙa ramin, ya ɗebi dawa ya zuba, ya binne da dunduniya.

"Wanga ya fi sauran kyau," ya ce. "Ƙarasa mana layin, ɗana."

Nan fa gona ta kece da dariya. Na ƙarasa layin, ina da zaɓi ne?

Yanzu hannuna ya ɗan faɗa, wani lokacin har nakan sami ƙwallo kafin ƙasa. Abin da na koya dai shi ne, in za ka koyi abin da ba ka iya ba, ka fara tambayar gonar wa ka tsaya a ciki. Albarkar kuwa Alhaji bai janye ta ba. Sai dai duk shekara, hadari na fara haɗuwa zai sa a kira ni a waya, wai in taho da ƙarfen nan nawa, akwai aiki.